Ƙwaryar Kunun da Inna Ta Yi Ta Kifarwa

Akwai abin da har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba. Ba wani dogon abu ba ne. Kalma ɗaya ce na faɗa a tsakar gida, da rana tsaka, gaban mutane. “A’a” na ce. Shekaru sun shuɗe, amma ban gama jin haushin wannan a’a ɗin ba.

Lokacin muna zaune a Gummi, aurenmu bai cika shekara ba. Mijina ya gama karatun koyarwa, takarda na hannu, aiki ya ƙi samuwa. Ya taka Gusau har takalminsa ya cinye, ya je Bukkuyum, ya je Anka, ko’ina amsa ɗaya: ajiye takardunka, za a neme ka. Wata shuɗiyar leda yake zuba su ciki, har na tsani ganinta. A unguwa Malam ake ce masa, ni kuwa in raina ya ɓaci sai in tambaye shi ina ɗaliban nasa, ko a cikin ledar suke.

Ana cikin haka aka aiko daga ƙauyensu, can ƙasar Anka, ba nisa da Bagega, cewa mahaifiyarsa ta faɗi. Inna muke ce mata. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Mijina ya ce zaman Gummin ba abin da yake tsinana mana, mu tattara mu koma gida, ni in yi jinyar Inna, shi ya ci gaba da neman aiki daga can. Ban musa ba. Uwarsa ce, kuma tun da na shigo gidansu ba ta taɓa ɗaga mini murya ba.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne ina da shigar ciki. A wurinmu mace ba ta buɗe baki ta ce tana da ciki, balle na fari. Sai dai ya fito a gani, kowa ya yi kamar bai gani ba. Shi kansa mijin nawa a kaikaice na sanar da shi, na ce wata biyu ke nan ban ɗaga salla ba. Ya yi murmushi ya ce Allah ya inganta. To ku riƙe wannan, ya sani sarai.

Gidan da muka tarar ba gidan da na sani ba ne. Shekarar ce aka haukace da zinari. Yayan mijina, wanda muke kira Yaya, ya ajiye garma ya koma haƙa. Buhunan dutse a zaure, buhuna a gindin rumbu. Mata na dakawa a turmi, ana tankaɗewa, ana shanyawa a tabarma. Wata ƙura mai laushi ta hau komai, har kan shanyar kayanmu. Turmi biyu ne a gidan, wai ɗaya na dutse ɗaya na hatsi, amma in aiki ya yi yawa wa ya tsaya tantancewa? A ɗauraye kawai a zuba gero. Faccalata, matar Yaya, ta binne ’yarta ’yar shekara biyu kafin zuwanmu. Jijjiga ta kama yarinyar, kwana uku ta cika. Aka ce iska ce.

Ni dai jinya na sa gaba. In ɗaga Inna, in wanke ta, in juya ta, in ba ta kunu a baki da ludayi. Laulayi kuma ya sako ni gaba, ko ƙanshin daddawa na ji sai na ruga bayan ɗaki. Abu ɗaya ne yake zama a cikina, kunun tsamiya. Shi nake sha safe da yamma, na geron da aka daka a wannan turmin.

Sati biyu da zuwanmu ma’aikatan lafiya suka shigo garin, gida-gida. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu. Baffa, ƙanen mahaifin mijina wanda shi ne babba a gidan, ya zauna. Yaya na tsaye, mijina na gefensa. Har Inna aka jingine ta a bakin ƙofarta tana kallo. Suka yi bayani dalla-dalla cewa ba iska ke kashe yara ba, gubar dalma ce da ke cikin dutsen. Tana bin ƙura, tana bin turmi, tana shiga abinci. Suka ce waɗanda ta fi yi wa illa ƙananan yara ne da abin da ke cikin ciki, don haka za su rubuta yara da masu juna biyu a auna jininsu, a nisanta su da wurin.

Mai rubutawar wata baƙuwa ce, Kirista, Hausarta ta koyo ce. Ba ta san mu ba, baiwar Allah, ba na ganin laifinta. Ta bi mata ɗaya bayan ɗaya har ta zo kaina, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Ke amarya, kina da ciki?”

Gaban Baffa. Gaban Yaya. Gaban uwar mijina. Na ji kamar an kware mini zane a kasuwa. Na saci kallon mijina, ina jiran ya ce wani abu, ko da “a rubuta ta” ne. Wallahi mutumin nan, mai takardar koyarwa, wanda ya fi kowa a wurin fahimtar abin da aka faɗa, babban yatsan ƙafarsa yake kallo. Sai na sunkuyar da kai na ce a’a. Matar ta wuce ta gaba.

Da la’asar na tare shi a ɗaki, na wanke shi tas. Ya ce to ya zai yi, ya buɗe baki gaban Baffa ya ce matarsa na da ciki? Ya ce in yi haƙuri, an kira shi ganawar ɗaukar aiki a wata makaranta a ƙasar Bukkuyum, da ya samu zai zo ya ɗauke ni. Ya ce ai Yaya ya yi alkawarin fitar da daka daga gida. Washegari ya ɗauki ledarsa ya tafi. Alkawarin Yaya kuwa kwana uku ya yi. A na huɗu taɓarya ta dawo, wai a daji ɓarayi za su kwashe masa dutse.

Daga ranar nan Inna ta canza mini. Na gama ba ta kununta, na zauna gefen gadonta zan sha nawa, sai ta miƙo hannunta mai lafiya ta kaɗe ƙwaryar. Na ɗauka kuskure ne. Da yamma ta sake. Washegari ta sake, har kunu mai zafi ya zubo mini a ƙafa. Tana yi tana wani gurnani, idonta a kaina jawur. Raina ya ɓaci iya ɓaci. Ni da na baro garinmu, ni ke kwashe kashinta da fitsarinta, shi ne kunun gidan ɗanta take yi mini baƙin ciki? Ranar da ta kifar da ƙwarya ta biyar na miƙe na ce mata in zamana ne ba ta so ta faɗa, ba sai ta ƙona ni ba. Na faɗa wa matar da ba ta iya magana ta faɗa. Allah ya yafe mini.

Sai na yi dabara, irin dabarar wawaye. Na daina sha a gabanta. In ɗauki ƙwaryata in zagaya bayan rumbu, daidai inda buhunan suke jibge, in shanye abina in goge baki. Sati uku ina haka, ina jin kaina mai wayo.

Wata safiya Baffa ya shigo duba ta, Yaya na biye. Na durƙusa na gaishe su zan fita, sai Inna ta damƙe gefen zanena. Ban san tana da sauran ƙarfi haka ba. Ta jawo ni, ta ɗora tafin hannunta a kan marata, gaban mazan nan biyu. Bakinta na rawa, yawu na zuba, jijiyar wuyanta ta miƙe. Tun da ta faɗi ba wanda ya ji kalma daga bakinta, sai ranar.

“Ciki,” ta ce. Ta ja numfashi. “Tahi.”

Nan take komai ya faɗo mini. Ta ga amaina, ta ji bayanin ma’aikata, ta ji ƙaryar da na yi. Ba kunu take hana ni ba, jikanta take karewa da hannu ɗayan da ya rage mata. Tsohuwar da al’ada ta fi ɗaure wa baki a kan cikin surukarta, ita ce ta yi watsi da kunyar, mu masu lafiyar baki muna zaune.

Na juya na dubi Baffa ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba, na ce ƙwarai ina da ciki, ya shiga wata na huɗu, kuma yau zan bar gidan nan. Yaya ya daka mini tsawa, ya ce ashe ba ni da kunya.

“Kunyar ce ta sa na yi wata guda ina shan dutsenka, Yaya,” na ce. “Ita ce ba ta bari kowa ya tambaye ka abin da ya kashe ɗiyarka ba.”

Faccalata na bakin ƙofa, ta fashe da kuka. Ita ce ta taya ni ɗaure kaya, ta ce in tafi, ita za ta riƙe Inna.

Kafin azahar ina Anka. Aka ɗebi jinina, aka ce gubar ta shiga. Matar nan mai rubutu ta gane ni, ta ce, “Amma ai na tambaye ki.” Suka ce maganin da suke ba yara ba za su ba ni ba a wannan matakin, babban maganina in yi nisa da wurin. Na wuce Gummi gidan iyayena.

Bayan kwana shida mijina ya iso da fara’arsa, ya samu aikin, a wajen Gwashi. Ya zaro takardar daga shuɗiyar ledar yana nuna mini. Ko barka ban yi masa ba. Na miƙa masa takardar awon jinina na ce ya karanta wannan tukuna, tunda shi ne malami. Ya karanta, ya zauna a ƙasa. Mun koma Gwashin tare daga baya, muna tare har yau, ya roƙi gafara ya fi a ƙirga. Na yafe, amma bai taɓa jin na ce na manta ba.

Inna ta rasu saura wata guda in haihu. Ban koma na same ta da rai ba, ban ce mata ta yafe mini maganar da na faɗa mata ba. Mace na haifa, aka sa mata sunan Inna. Yarinyar tana nan da ranta, kyakkyawa, mai dariya. Amma ta yi jinkirin magana, kuma karatu yana yi mata wuya ƙwarai, abin da ƙannenta ke ɗauka a kwana ɗaya ita sai ta yi sati. Likita ya ce ba zai iya rantsuwa a kan dalili ba. Shi ke nan, shi ba zai iya ba. Ni duk sanda na ga ta ƙura wa littafi ido tana ƙoƙari, bayan rumbun nan nake gani, da ƙwarya a hannuna.

Abin da na koya ban koye shi da sauƙi ba. Kunya abu ne mai kyau, da ita aka raine mu, amma ba a biyan ta da lafiyar wanda bai ma zo duniya ba. Yanzu duk ƙanwa ko ’yar maƙwabta da ta yi aure, ni ke jan ta gefe in ce mata, ranar da ma’aikacin lafiya ya tambaye ki, ko gaban wa ne, ki buɗe baki ki faɗi gaskiya. Wasu na cewa na cika rashin ta-ido. Su yi ta faɗa. Ni na ga tsohuwa mai rabin baki ta faɗi abin da na kasa faɗa da nawa cikakke.