Sakin da Asta Mai Daddawa Ta Roƙa

Duk wanda ya saba sayen kayan miya a kasuwar Gwarzo a shekarun baya, da wuya bai ci daddawar Asta ba. Ba ita take kaiwa ba, 'yan sari ne suke binta har gida a Sabon Birni su kwashe. Ta iya dafa kalwa, kuma idan ta rufe ta don ta ruɓa, ba ta leƙawa. Hancinta ne yake gaya mata ranar buɗewa. Doguwar mace ce, ba ta da yawan magana.

Asalinta 'yar Dugabau ce. A can ta yi auren fari da wani saurayi, Datti, ɗan gidan masu shanu da suka daɗe da zama suka kama noma. Su suka ga juna suka ce suna so, iyaye suka sa albarka. Tsofaffin garin sukan ce waɗannan biyu tun a sama aka ɗaura nasu. Asta ta ji maganar tana yarinya, ta ajiye ta a wurin da ba a ajiye wasa. Zaman bai yi nisa ba. Lokacin yankan dawa maciji ya sari Datti a gona, kafin a isa da shi asibitin Kabo rai ya yi halinsa. Ko ɓari ba ta yi a gidansa ba.

Bayan ta fita takaba sai ga Haladu, wani manomi daga Sabon Birni wanda shi ma matarsa ta rasu. Aka tambaye ta, ta ce to. Gajere ne, mai faɗin baki, dariyarsa daga zaure ake jinta har bayan gida. Shi yake bin ƙauyuka ya sayo mata kalwa, shi yake faskara mata itace, kuma saboda warin sana'arta ya sa mata suna Sarauniyar Ƙamshi. Suka haifi 'ya'ya, wadda ta rayu ita ce Bilki. Asta ba ta taɓa ambaton Datti a gidan ba. Sai dai duk shekara idan an fara yankan dawa takan toya waina ta raba sadaka, Haladu kuwa yakan kawo man gyaɗa tun kafin ta nema, bai taɓa tambayar don wa ake sadakar ba.

Haka suka tsufa tare. Da Bilki ta yi aure aiki ya ragu, Asta ta shiga Islamiyyar manyan mata. Wata rana ana darasi wata ta tambayi malama: matar da ta yi aure fiye da ɗaya, wane miji za a ba ta a Aljanna? Malama ta ce akwai malaman da suka ce na ƙarshe, wanda ta mutu a hannunsa ko ya mutu ya bar ta. Ta ƙara da cewa akwai wasu maganganun ban da wannan, amma Asta ba ta ji sauran ba. A makon nan daddawarta ta lalace, abin da bai taɓa faruwa ba.

Haladu ya same ta zaune a gindin turmi da la'asar.

"Yau Sarauniya an ɓata da tukunya ne?"

"Malam, wani abu nake so in roƙe ka."

"In dai ba kujerar Makka ba ce, faɗi."

"Ka sawwaƙe mini."

Ya yi dariya har da tari. "Wane tsoho ne ya fi ni haƙora a garin nan? Faɗa mini in je in gan shi."

Ba ta yi dariya ba. Ta gaya masa abin da malama ta ce, kanta a sunkuye. Ta ce idan ajali ya riske ta da igiyarsa a kanta, ko shi ya riga ta, to mutumin Dugabau ya rasa ta ke nan har abada, alhali kowa ya san ita aka rubuta masa.

Haladu ya daɗe yana kallon ƙafarsa. "Wato duk shekarun nan riƙo aka ba ni."

"Ba ka taɓa yi mini komai ba, Malam."

"Na sani. Ai da na yi, da abin ya zo da sauƙi."

Ya kai maganar gaban liman. Liman ya ce a Aljanna babu wanda zai kwana da baƙin ciki, kowa za a ba shi abin da zai gamsar da shi, kada a rushe aure a kan abin da Allah kaɗai ya san yadda zai raba. Aka kawo mata saƙon, ta ce ta ji. Ba ta sake tayar da zancen ba. Tuwo ne kawai ya riƙa kwana a kwanonta, zanenta ya fara zagaye ta sau biyu. Haladu yana gani. Bayan an kai amfanin gona gida ya kira maƙwabta biyu, a gabansu ya yi mata saki ɗaya. Ya ce ta zauna a ɗakinta ta yi idda. Ta ce ta gode, Dugabau za ta tafi, gidan ɗan wanta.

Bilki ta zo a fusace, ta tarar ana ɗaure kaya.

"Inna, da hankalinki? Ki bar mai rai ki bi kabari? Me zan ce wa dangin mijina?"

"Ki ce musu babanki bai yi laifi ba."

"To ke kika yi?"

Asta ta ci gaba da naɗe tabarma.

Tana cikin idda Haladu ya zo Dugabau sau ɗaya, a bayan babur, da buhun kalwa. Ya zauna a zaure, ta fito ta durƙusa daga gefe suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida da gona da sanyi da masu jiki. Ya ce tun da ta tafi ƙudaje sun yi ƙaura daga unguwa, maƙwabta suna ta yi masa barka. Ta rufe baki da gefen mayafi. Kalma ɗaya ce tsakaninsu. Da ya ce ya mai da ita, da ta koma, shari'a ta ba shi wannan. Ya sha ruwa. Sai ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce rana tana yi. Sai da ƙarar babur ta ɓace sannan ta lura ba ta tashi daga durƙuson ba.

A Dugabau kusan babu sauran wanda ya san Datti. Gidansu an raba, an yi sabon gini a wurin. Ta aiki ɗan wanta maƙabarta ya duba, ya dawo ya ce tsofaffin kaburbura duk sun baje, ba a gane na kowa. Takan zauna bayan sallah ta nemi fuskar Datti a ranta. Tsayinsa yana zuwa, da wata shuɗiyar riga, amma fuskar ba ta zuwa. Idan ta matsa wa kanta, sai ta ji dariya daga zaure, ta kuwa san mai ita.

Idda ta cika, ba wanda ya zo. Da damina ta faɗi aka aiko cewa Haladu ya kwanta, kafin ta gama shawarar ko ya dace ta je dubiya, wani saƙon ya biyo baya.

Ta isa Sabon Birni an riga an kai shi. Ta shiga gidan da ta share tsakarsa fiye da rabin rayuwarta, ta tsaya ba ta san inda za ta zauna ba, har wata ta matsa mata a tabarmar baƙi. Mata suna shigowa su durƙusa gaban Bilki su yi mata ta'aziyya, su juyo wajen Asta su ɗan yi jim, sannan su ce, "Asta, an zo? Ya muka ji da haƙuri?" kamar yadda ake ce wa maƙwabciya. Ba wanda ya tsefe mata kai, ba wanda ya ce ta cire 'yan kunne. Bayan addu'ar uku ta koma Dugabau.

Da ta isa ta cire 'yan kunnen da kanta. Ta tsefe kitsonta, ta daina sa kwalli, ta daina leƙa ko ƙofar gida. Matar ɗan wanta ta ce, "Inna, ai babu takaba a kanki." Ta ce ta sani.

Bilki ta zo ganinta bayan an yi arba'in. Fushin ya tafi, gajiya ce ta rage. Suka zauna a ɗaki ruwa yana sauka a kan kwano.

"Idan kin koma," in ji Asta, "ki biya wajen malamarmu."

"In ce mata me?"

"Ki tambaye ta, matar da aka saka, ba ta sake aure ba har ta mutu. Ko ana iya lissafa ta a wajen na ƙarshen."

Bilki ta dube ta. "Tsoro kike ji a ce e, ko a ce a'a?"

"Ke dai ki tambayo."

Bilki ta tambayo. Malama ta ce wannan kam Allah ne masani. Da aka gaya wa Asta sai ta gyaɗa kai, ta ce a sake tambayar liman, ko shi ya taɓa gani a wani littafin.