Kan Jakin Gwaggo

Gwaggona ta shekara talatin tana sayar da tuwo a unguwar Hindawiyya da ke Makka. Ba ta karatu, shi ya sa da na je Makka neman ilimi na zama magatakardan wayarta.

A lokacin wani abokin karatuna Baturke ya nuna mini rubutun Luwiyawa, mutanen da suka zauna a ƙasarsu tun zamanin da. Zane-zane ne: hannu, ƙafa, kan sa, kan jaki. Ya ce kowane zane an ba shi lambarsa a na'ura, ana rubuta shi kamar harafi. Ni kuwa akwai son burgewa. Na goge sunayen wayar Gwaggo kaf, na sa wa kowa zanensa. Mai nama ya samu kan sa, direban tasi ya samu ƙafa.

Kan jaki ita ta zaɓa da kanta, ta ce na ƙaninta ne, Baffana da ke unguwar Utaibiyya. Shekara huɗu ba sa magana, tun ranar da ya ce a gaban baƙi tuwonta ya yi ruwa. Jakin ya sha fitowa a waya, tana harararsa har ya gaji. Abin yana damuna, amma wa ya isa ya yi mata zancen?

Da wayar ta tsufa muka sayi sabuwa, na kwashe lambobin. Ashe sabuwar ba ta san Luwiyawa ba. Kowa ya koma akwati fanko, sahu guda, ba ka bambanta mai nama da liman.

"To, Shehun Malami, ina naman miyata?" in ji Gwaggo.

Ba yadda za mu yi, muka shiga kiran akwatunan ɗaya bayan ɗaya, tana tambaya, "Min ma'aya? Wa ke magana?" A na tara aka ɗauka tun kafin ta buɗe baki.

"Yaya? Lafiya dai ko?" Muryar Baffa ce.

Ta zabga mini harara. Na ɗauka za ta kashe, sai ta gyara riƙon wayar.

"Mai nama nake nema," in ji ta. "Muryarka ta shaƙe. Ba ka cin abinci ne?"

Ran nan ba a yi miya da nama ba. Da la'asar Baffa ya zo, ya cinye malmala uku bai kushe tuwon ba. Bayan ya tafi na tambaye ta sunan da zan sa masa yanzu.

"Halas, shi ke nan, ka bar shi a akwatinsa," ta ce. "In ya kira zan ɗauka."