Gishirin Fata

A shekarar da Binuwai ta cika ta shiga gidajen mutane a Garwa, har aka kwashe wasu aka kai su lakwal, wato makarantar boko, suna kwana a azuzuwa, matata tana da ciki na uku. Gidanmu yana kan tudu, ruwa bai iso mu ba. Hankalina duk yana kan cikin nan, domin biyun farko sun zube.

Sana'ata sayen fata. Da safe nakan je mayanka in karɓi fatun awaki da ƙiraga, in shimfiɗa su a rumfa, in barbaɗa musu gishiri don kada su ruɓe kafin majema su zo. Gishiri ne mai manyan ƙwayoyi, baƙi-baƙi, da yashi a cikinsa, buhu-buhu muke saye. Aikin da mahaifina ya yi ke nan, kuma tun ina yaro ban taɓa ganin an sayi gishirin miya a gidanmu ba. Idan na miya ya ƙare, sai a ɗebo ƙwarya guda daga sabon buhun da bai taɓa fata ba.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ita ke gyara shi. Takan zuba shi a ƙwarya ta yi ta ɗauraya har ruwan ya fito garau, ta baza a faifai ya sha rana, sannan ta daka a turmi. Fari tas yake fitowa. Maƙwabta sukan aiko a ɗiba musu don kyansa. Ba ta yarda da dunƙulen magi ba, daddawa kawai take sa wa miya, kuma da hannunta take yin ta.

Matata 'yar Banyo ce, ba ta da yawan magana. Bayan aurenmu da ɗan lokaci wuyanta ya fara cika ta gaba. Mata suna tsokanarta cewa maigida ya iya kiwo, ita ma tana dariya. Da kumburin ya fito sosai aka ce maƙoƙo ne, sai ta koma naɗa mayafi har haɓa ko a cikin gida. Inna ma tana da ɗan nata tun tana budurwa, don haka ba mu ɗauke shi ciwo ba. Ɓarin da matata ta yi kuwa muka ce iska ce, na karɓo mata rubutu wurin malaminmu, ta sha.

Cikin na uku ya zauna. Ta haifi mace, muka yanka rago, na yi godiya ga Allah irin wadda ban taɓa yi ba. Jaririyar ba ta kuka. Sai a tashe ta kafin ta sha nono. Kowa ya zo barka sai ya ce an samu mai haƙuri, ta gado ubanta. Ta daɗe ba ta zauna ba, ta daɗe ba ta yi rarrafe ba. Sa'o'inta suka yi ta gudu a tsakar gida suna kiran iyayensu, ita tana zaune tana kallon bango. In ka kira ta daga baya ba ta juyowa.

Matata ce ta matsa muka je babban asibiti. Aka duba kunnen yarinyar, aka ɗebi jininta da na uwarta. Da muka koma, wata malamar asibiti mai furfura ta zaunar da mu, ta shafa wuyan matata, ta tambaye ni da Fulatanci irin gishirin da muke ci. Na gaya mata, har da yadda Inna take wanke shi, domin ina ganin abin yabo ne. Sai ta juya Hausa don matata ta ji sosai.

Ta ce akwai wani sinadari da suke kira iyod, ɗan kaɗan jiki yake bukata, amma in babu shi wuya yakan kumbura, ciki yakan zube, ƙwaƙwalwar ɗa kuma ba ta ginuwa daidai tun yana ciki. Ta ce ƙasarmu ta yi nisa da teku, dawa da kifin kogi ba su da shi da yawa, shi ya sa ake zuba shi a gishirin ci. Gishirin fata kuwa ba lallai a sa masa ba, kuma ko an sa, ruwa da rana suna tafiya da shi.

Na tambaye ta ko in mun canza gishiri yarinyar za ta yi magana.

Ta ce, “Malam, ba zan rantse maka cewa gishiri ne kaɗai ba. Za mu ba ta magani, za ta ƙara kuzari. Amma abin da ya wuce tun tana ciki, ba na jin zai dawo duka.”

A lokacin ban iya karatun boko ba, sai daga baya na shiga ajin manya. Malamar ta ɗauko wata ledar gishirin ci ta nuna mini alamar da zan riƙa dubawa. A hanyar gida na tsaya kasuwa na sayo.

Inna ta saurari bayanina har ƙarshe. Ta ce ita da wannan gishiri ta raini 'ya'ya, ga ni nan da raina. Ban yi mata musu ba. Washegari na shigo daga mayanka na tarar ta juye sabon gishirin a ƙwarya, ta ɗauko buta za ta zuba ruwa, domin a wurinta gishirin da ba a wanke ba ƙazanta ne. Matata, wadda ban taɓa jin ta mayar wa Inna magana ba, ta taso daga bakin murhu ta dafa ƙwaryar da hannu biyu.

Ta ce, “Inna, don Allah, wannan a bar mini shi haka.”

Inna ta dube ta, ta dubi jikarta da ke zaune a tabarma. Ta ce, “To, 'yar nan. Ɗauki.” Ta ajiye butar ta shiga ɗaki, ba ta fito cin tuwo ba ranar. Daga nan har ta rasu ba ta sake taɓa gishirin gidan ba, kuma ba mu taɓa tayar da zancen a gabanta ba.

Wuyan matata ya ɗan ragu, bai koma yadda yake ba. Bayan haka ta haifi namiji, ya zo da kuka mai ƙarfi, yanzu yana makaranta yana damun kowa da surutu. Babbar kuwa ta girma, tana shara, tana ɗibar ruwa, tana da fara'a. Kalmomin da take faɗa ba su da yawa, mu na gida ne muke gane su. Na kai ta makarantar allo, malam ya yi iya ƙoƙarinsa, ya dawo mini da ita cikin mutunci.

Har yau ina sayen fata, ina barbaɗa musu gishirin buhu, amma a rumfa yake tsayawa. Abin da muka rasa shi ne ciki biyu, da jin kunnen 'yata na hagu gaba ɗaya, da rabin na dama, da karatunta.