Fim ɗin Ɗakin Haya

Shekarata ta uku da fara koyarwa a jami'a na yanke shawarar daina karanta wa ɗalibai ma'anar wariya daga littafi. Suna haddacewa, su ci jarrabawa, su fita su manta. Sai na aro majigi, na nuna musu wani fim a kan wani baƙar fata da ya je Turai karatu, yana yawon neman ɗakin haya. Duk gidan da ya buga, da an ga fuskarsa sai a ce an riga an kama.

Ajin ya ɗauki zafi. Wani dogon saurayi ɗan tsohuwar unguwar Ƙofar Marke, jikan malamai, ya fi kowa faɗa. Ya ce Turawa ba su san darajar baƙo ba, mu kuwa addini da tarbiyya sun koya mana.

Wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu. Iyayenta 'yan kudu ne, mahaifinta na sayar da kayan babur a unguwar Gidan Igwai.

Ta ce, "Malam, ni nan anka haihe ni. Watan jiya na tai Kwalkwalawa biɗar ɗaki. Mun shirya da mai gida, har ya tambayi sunana. Da na hwaɗi, sai ya ce ɗakin na ɗan'uwanai na."

Saurayin ya ce ai wannan daban ne, kowa na da ikon gidansa. Ban yi masa gardama ba, don na san abin da zan yi. Na ce kowa ya ɗauki wayarsa, ya yi fim na minti biyar da mutumin da ya fi tsufa a gidansu, ya tambaye shi daga ina kakanninsu suka zo.

Bayan mako biyu muka kalla. Na saurayin ne na huɗu. Kakarsa na zaune kan tabarma tana gyaran zogale, ba ta ma kallon wayar. Ta ce mahaifin mijinta daga wajen garin Tawa, can arewa, ya zo da raƙuma, ya zauna karatu, shekara bakwai ana kiransa Buzu, ba wanda ya ba shi mata sai wani malami da ya ga hankalinsa. Ta yi dariya ta ce har yau akwai dangin da ba su son a faɗi haka.

Saurayin zai iya yanke wurin daga fim ɗin, amma ya bar shi. Da aka kunna fitila na tambaye shi dalili. Ya ce ya yanke sau biyu, sai ya ga ba abin da ya rage sai gaisuwa.

Daga baya ɗalibar ta samu ɗaki a gidan wata gwaggonsa. Yanzu tana aikin jarida, shi kuma yana koyarwa a wata sakandare a Wamakko. Ni ma na je na tambayi mahaifiyata asalinmu, muka yi yini guda ba ta gama ba.