Botin Da Ishaku Ya Faɗaɗa Saboda Yatsana

Shekara shida ke nan da muka binne ƙanena Ishaku a bayan cocinmu a Kafanchan. Ni ba marubuci ba ne, a aji uku na sakandare na tsaya. Wanda ya ga kuskure ya haɗiye.

Aikin Ishaku gwajin manhajar waya ne, a wani ƙaramin kamfani a Kaduna da ya yi wa manoman citta manhajar kai rahoton cutar gona. Yana da gwaji iri biyu. Na farko kwamfuta ce ke yi da kanta, ta bi komai sau dubu ba ta gaji ba. Na biyu ni ne.

Duk ƙarshen wata zai zo gida, ya same ni a gona, ya miƙo min waya. “Yaya, ɓata min ita.”

Ina kuwa ɓatawa. Yatsuna manya ne, ga ƙasa, ga rashin haƙuri. Wata rana sabis ya yi nauyi, na danna botin aikawa na sake dannawa, rahoto ɗaya ya tafi sau biyu. Na ce, “To, ina kwamfutar taka mai wayo?” Ya ce, “Ita ba ta jin haushi, Yaya. Kai kuma ba ka iya maimaita abu ba tare da zagi ba. Kowa da aikinsa.” Ya koma ya koya wa kwamfutar irin danna-dannata, ya kuma sa aka faɗaɗa botin daidai babban yatsana.

Ranar jana'iza abokan aikinsa sun ci shinkafa, sun ce za su riƙa zuwa. Ko ɗaya ban sake gani ba. Na ji an ce yanzu kwamfuta ke yin kusan duk gwajin. Ba zan yi ƙarya ba, sabuwar manhajar da ke wayar maƙwabcina ta fi sauri, ba ta kuma maƙalewa. Amma botin ya koma ƙarami kamar ƙwayar acca. Wa suka ba ya taɓa? Wataƙila babu.

Da Ishaku yana nan, ba zai zagi kwamfuta ba, ba halinsa ba ne. Zai dai hau mota ya kawo wa wani mai ƙaton yatsa wayar ya gwada. Abin da ya ɓace ke nan, kuma tun da ya tafi babu wanda ya sake neman wani abu a wurina, ko da ɓarna ce.

Tsohuwar manhajar tana nan a wayata. Ta daina aika rahoto, kullum sai ta ce in sabunta. Na san in na yarda, botinsa ya tafi. Na kuma san abin da zai ce: “Haba Yaya, sabunta mana.”

Yau ma da safe ta tambaya. Na danna “Ba yanzu ba”. Sau biyu na danna.