Jirgin Sawakin da Yafiyar Inna Hajo

Jama'a, wallahi wannan abu ni ya faru da shi, lokacin ina malamin firamare a Anka, waya ba ta kai ƙauyukanmu ba tukuna.

Innata ta ƙudurta yin Umara ta jirgin ruwan da ke tashi daga Sawakin ta Sudan zuwa Jidda, shi kuwa ranar da ya sa ita ce, ba ya jiran kowa. Na yi ta zarya Kano har na ɗinka tafiyar: jirgin sama ran Alhamis zuwa Khartum, wani zuwa bakin teku, a shiga na ruwa Asabar. Ɗaya ya kuɓuce, Umarar Inna ta rushe.

Ran Litinin kuma sai Inna ta tubure. Ta zagaye dangi neman gafara kamar yadda mai tafiya Makka ke yi, saura yayarta Hajo ta Nasarawa Burkullu, wadda suka shekara bakwai ba sa ga-maciji.

"Ba ni zuwa ɗakin Allah da gaba bisa kaina," in ji ta.

Ni kuwa taurin kai a nono na sha shi, na rantse sai ta ga Hajo kuma sai ta hau jirgin nan. Talata da safe na goya ta a babur, muka yi ta faman taɓo, da hantsi muka tarar gulbin da ke tsakaninmu da garin Hajo ya kawo, masu kwalekwale sun ce ko kusa.

Sai ga Inna Hajo zaune gindin faru, a wannan ƙetaren namu, zanenta a bushe ƙarau! Suka rungume juna suna kuka.

"Na yahe miki, Kulu," ta ce wa Inna. Ta juyo gare ni. "Kai kau, ɗana, ku wuce Kano yau. Jirginku gobe za ya tashi."

Matar da ko tashar Gummi ba ta sani ba! Amma jikina ya ba ni, muka kama hanya a ranar. Ashe an dawo da tashin jirgin ran Laraba, saura ƙiris a rufe ƙofa muka iso. Inna ta samu jirgin ruwanta.

Da na dawo Anka na iske saƙo: tun Litinin aka binne Inna Hajo.

Har yau in na tuna bushewar zanen nan sai tsigar jikina ta tashi. Don Allah, mai gaba da ɗan'uwansa ya je yau, tun ana iya ƙetarawa.