Karan Gero a Shafi Ɗaya

Zamanin soja ba a tambayarka inda kake so. Takarda ta zo, na ɗaure tabarma, na iske kaina ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta Filingue. Mu Kirista a garin ba mu cika goma ba. Muna taruwa ran Lahadi a zauren wani ma'aikacin asibiti, mutumin kudu, wanda ya iya karatu da Faransanci amma Hausarsa ta gaisuwa ce kawai. Don haka karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa ya faɗo kaina, ba don na fi kowa tsoron Allah ba.

Akwai wata tsohuwa da ke takowa da ƙafa daga wajen gari. Ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma littafin Hausar nata ne, gadon mijinta. Duk inda na tsaya, sai ta saka guntun karan gero, ta naɗe littafin a zane.

To, Lahadi kuma ita ce ranar kasuwa. Ni kuwa gwanin dalilin fashin zuwa zauren ne, ba na kunyar faɗa. Wannan makon gero ya ƙare, na gaba wanki ya taru, na gaba da shi motar Yamai za ta kawo mini saƙo. Kowane dalili gaskiya ne, shi ya sa na daɗe ina jin daɗinsu.

Wata Lahadi ina tsugune wajen mai kilishi, sai na ji an dafa kafaɗata. Tsohuwar ce, da ƙunshinta a ka, tana haki.

"Mushe, lahiya dai?" Haka ake kiran malamin makaranta a can.

"Lafiya lau, Inna. Ayyuka ne suka yi yawa."

Ta kwance zanen a nan tsakiyar kasuwa, ta buɗe inda karan yake. Har ya yi wa takardar shaida.

"Wanga saurayi da 'yan'uwa nai sunka jefa rijiya," ta ce, "sati biyat ke nan shina ciki. Kai ka bar shi nan. Yaushe za ka hiddo shi?"

Mai kilishin, Musulmi ne maƙwabcina, ya fashe da dariya. Ya ce ai su ma sun san labarin, bari ya gaya mata ƙarshensa.

"Na san ƙarshe nai," in ji ta. "So nike a karanta min, tun ina ji. Kunnen ga ɗaya ya riga ya tahi."

Kunya ta rufe ni, kuma na ji haushin kaina ƙwarai. Maƙwabcina ya karɓe kwandona, ya ce in tafi, zai yi mini cefanen kafin azahar. Na ɗauki ƙunshin, muka nufi zauren, ina rage tafiya don ta cim mini.

Ranar muka fid da shi daga rijiya. Cikin makonnin da suka biyo muka kai shi Masar, muka shiga kurkuku da shi, muka fito. Ina zama ta wajen kunnenta mai ji, ina ɗaga murya har masu wucewa su leƙo. Cefane kuwa na mai da shi bayan sujada, kuma ban taɓa kwana da yunwa ba.

Damina biyu bayan haka kunnen na biyu ya tafi. Ba ta daina zuwa ba. Takan zauna ta zuba wa bakina ido, in na rufe littafin ta miƙo hannu ta duba ko karan ya matsa.

Bai sake yin sati biyu a shafi ɗaya ba.